Yadda Abokina Ya Ɓata a Tenere Yana Garkar Kawuna

Shekarun baya, tun gashin goshina bai fara ja da baya ba, na taɓa taimaka wa wani abokina ya ɓata a Tenere, hamadar nan da ke gabas da Agadas. Ban kai shi can ba, shi ma bai je ba, amma dai ya ɓata har aka fita nemansa. Abin ya daɗe da wucewa, kuma shi da kansa ya ce in ba ku labarin muddin ban kama sunansa ba, don haka ga shi.

Ni da shi tare muka shiga lakwal, wato makarantar boko. Ni na ci gaba har na zama mushe, ina koya wa ƴaƴan mutane nahawun Faransanci da taswirar duniya. Shi kuwa ya bar aji da wuri, ya bi kawunsa cikin mota, ya je ya ga duniyar da nake nunawa da sanda a jikin bango. Zamanin da turis masu yawon buɗe ido ke cika Agadas yana cikin masu kai su Tenere. Ya san rijiyoyi, ya san wadda ruwanta ke da ɗaci, yana gasa burodin tagalla cikin yashi anasara na ɗaukarsa hoto kamar sun ga waliyyi. Sai turis suka ɗauke ƙafa. Ya koma kai matafiya arewa, ita ma wannan hanyar doka ta zo ta rufe ta a lokacin. Ya sayar da motarsa, ya dawo zaure ya zauna.

Zaman zaure ciwo ne ga wanda ya saba da sarari. Ya daina zuwa tasha, inda abokan tuƙinsa ke taruwa, wai wanda ba shi da mota ba shi da suna a can, sun manta da shi. Daga nan ya fara maganar Jado, wurin haƙar zinariya can arewa. Ƙanensa ya riga ya tafi can, labarinsa ne kawai ya dawo. Wata rana na je gidan, mahaifiyarsa ta tare ni a bakin ƙofa kafin in kai zaure. Ta ce min ta ba ramin nan ɗa guda, ba za ta iya ba shi na biyu ba. Ta ce, "Kai yake jin maganarka, ɗana. Ka samo masa abin da zai riƙe shi a garin nan, ko da wasa ne."

Na ce mata to, kamar yadda ake cewa to. Ban san da me zan riƙe ƙaton mutum ba, ni da ko ƴan aji sai da barazana nake riƙe su.

Shi da kansa ya miƙo min igiyar. Zaman banza ya koya masa kallon salula, kuma akwai irin bidiyoyin da ya fi so. Za ka ga wani anasara mai gemu ya shiga kurmi shi kaɗai da wuƙa mai tsawon hannu, yana murza itace da itace don ya sami wuta, yana cin tsutsa, yana gina bukka da ganye, yana magana da haki kamar zaki ne ke biye da shi. Wasu kuma suna nuna ɗakunan ƙarƙashin ƙasa da suka cika da gwangwanaye suna jiran tashin duniya, kamar in ta tashi za a tambaye su sardin. Da farko dariya yake yi. Wata rana sai ya daina dariyar, ya juyo min da fuskar salular ya ce, "Mushe, ka san mutumin nan biyansa ake yi don ya ji ƙishirwa? Mu kuma tun kakanninmu kyauta muke jin ta."

Ya ce shi ma zai yi nasa. Ya fi su sanin daji, ya fi su sanin ƙishirwa, kuma yana da abin da ba su da shi, wato Sahara a bayan gida. In abin ya karɓu ya zauna, in bai karɓu ba ya ɗauki jakarsa. Ni kuma na ga ga abin da Inna, mahaifiyar tasa, ta roƙa ya zo har gida, ko da wasa ne ta ce, ga wasa kuwa.

Da yake na karanta littattafai da yawa na mutanen da jirgi ya kife da su suka rayu a tsibiri, nan take na naɗa kaina mai shirya wasan. Na zauna na yi masa bayanin ƙa'idojin abin kamar ina gaban allo: mutum ɗaya ne, ba kowa kusa, ba komai a hannu, wahala tana ƙaruwa har mai kallo ya fid da rai, sannan a fita da dabara. Ya ce ai ba mai hankalin da ke shiga Tenere shi kaɗai. Na ce masa masu kallo ba hankali suka zo kallo ba. Ya karɓa, domin a garin nan in mushe ya yi magana da ƙarfin gwiwa ana zaton ya karanta ta a wani wuri.

Esansi, wato man mota, na zuwa Tenere ba mu da shi, motar ma babu. Amma kawuna yana da garka a gefen ƙoramar Telwa, can sama da gari, tafiyar ɗan lokaci a moto, wato babur. Da rani cikin ƙoramar yashi ne shimfiɗe. In ka jingina salula da dutse a ƙasa, ka karkatar da ita yadda ya kamata, ba abin da take gani sai yashi da sama. Bayanta kuwa ga dabino, ga albasa kore shar, ga injin ban ruwa yana tari, wanda sai da muka roƙi Kawu ya kashe mana shi. Kawu ya kashe, ya zauna a gindin dabino yana kallonmu da irin kallon da ake yi wa ƴaƴan dangi da aka riga aka haƙura da su.

Wahalar da ba mu yi tsammani ba ita ce samun kaɗaici. Abokina ya durƙusa yana murza itace, gumi na zuba, hayaƙi ya fara alamar fitowa, sai ga wani bawan Allah a kan raƙumi ya karkato daga hanyarsa, ya yi sallama, ya tambayi lafiyar gida da ta dabbobin da ba mu da su, sannan ya zaro birike, ɗan abin kunna wuta, daga aljihu ya miƙa masa, ya ce ya riƙe, Allah ya kawo sauƙi. Muka sake daga farko. Yana cikin nuna yadda ake tonon ruwa, wata mai kiwon awaki ta hango mutum yana yakushin ƙasa da rana tsaka, ta taho da ƙwaryar nono. Sai da muka sha nonon muka gode, ta yi nisa, sannan ya koma mutuwa.

Daga ƙarshe dai muka samu. Ya cire rawaninsa, domin su masu gemun ba sa rufe fuska. Ya shafa toka a leɓe. Ya yi tafiya cikin rana yana tangaɗi, ya faɗi, ya tashi. Yawancin maganar da Faransanci ya yi ta, don anasara muke nufi, ni kuma ina daga bayan salula da kofin shayi ina gyara masa jimloli. Da ya zo ƙarshe sai ya bar abin da na rubuta masa, ya matso da fuskarsa, ya koma Hausa. Ya ce motarsa ta mutu a hanyar Fachi, yau kwana uku ba ruwa, ya bar motar ya nufi gabas da ƙafa. Ya ce duk wanda ya ga wannan ya gaya wa Inna ta yafe masa. Ya yi ta da kyau har ni mai shayi a hannu na ji maƙogwarona ya bushe. Na sa ya maimaita wata jimlar Faransanci da ya karya wa aikatau. Hausar kuwa ban ga abin gyara a cikinta ba.

Shirinmu shi ne wannan kashi na farko ne, na biyu zai nuna yadda ya tsira. Muka yanke ya ɗan kwana biyu a garka, don bai dace a ga mutum yana mutuwa a Tenere kuma yana taya albasa a kasuwa ba. A gida abin da ya faɗa kawai shi ne zai je daji wani ɗan aiki. A garkar kuma babu rezo, salula ba ta kamawa. Ran Lahadi na dawo gari na ɗora bidiyon, na rubuta a ƙarƙashinsa da Faransancin da ni kaina ya burge ni cewa wannan kwaikwayo ne don koyarwa, kashi na ɗaya.

Abin da ban lissafa ba shi ne yadda abu ke yawo a garin nan. Wani ya sauke bidiyon, ya ga Faransancin ya yi tsawo kuma yana da nauyin turawa, sai ya yanke shi, ya tura ƙarshen kawai cikin rukunonin hira na salula. Rubutuna mai kyau ya tsaya can inda na bar shi, kamar takalmi a bakin masallaci. Abin da ya shiga gidaje shi ne fuskar mutumin da kowa ya sani, ba rawani, leɓe fari, yana neman gafarar uwarsa. Aka kira salularsa ba ta shiga. Ba wanda ya tsaya tambayar inda mai mutuwa da ƙishirwa ya sami rezo. Daga baya na ji wasu sun ce ai akan dace da shi in an hau tudu.

Ran Litinin ina aji, salulata a kashe cikin aljihun tebur, domin dokar da nake ƙwace ta ƴan aji da ita ba na son a kama ni da karya ta. Ina rubutu a allo sai na ji ajin ya yi tsit, irin tsit ɗin da ban taɓa samu da ƙoƙarina ba. Na juya, ga mahaifiyata a bakin ƙofa. Tun da aka sa ni lakwal har na zama mai koyarwa ba ta taɓa taka farfajiyar nan ba. Ta ce in fito. A waje ta gaya min abokina na can yana mutuwa a hanyar Fachi, gidansu ya cika da mata tun jiya, motoci uku sun fita nemansa bayan sallar asuba, ni kuma ina nan ina ɓata hannu da alli.

Na ce mata yana garkar Kawu yana cin dabino.

Sai da na yi mata bayanin sau biyu. Ta kalle ni ta ce, "Ashe karatun naku har da wannan." Ta gyara mayafi ta ce ita za ta je wajen uwarsa, don wannan maganar ba ta bakin namiji ba ce, ni kuma in san yadda zan dawo da bayin Allahn da ke cikin rana.

Na hau moto na nufi tasha. A can na tarar da waɗanda ba su tafi ba sun taru a rumfa. Na faɗi abin da ya faru a tsaye, kamar ɗan ajin da aka kama. Ba wanda ya zage ni, da ma an zage ni da na fi samun sauƙi. Wani ya ce waɗanda suka fita neman suna da waya irin ta tauraron ɗan Adam, amma ba sa kunna ta sai sun tsaya sallar azahar. Ya ce kuma Madugu, wato tsohon da ke jagorantar tafiyar, ba zai juya da motoci don maganar mushe ba, sai ya ji muryar wanda ya fita nema. In je in kawo shi.

Na same shi kwance a inuwar dabino, ƙafa kan ƙafa. Da na fara ba shi labari dariya ya yi, har yana tambayar mutum nawa suka kalla. Da na kai kan motocin sai ya tashi zaune, ya tambayi su wa suka tafi. Na ce Madugu ne a gaba, wanda ya ajiye doguwar tafiya tun da idonsa ya fara rauni. Na ce akwai wasu da suka sauke kayan da suka riga suka ɗaure don su sami wurin bidon ɗin ruwa. Na ce har da wani mutum da suka taɓa yin faɗa da shi, wanda shekara da shekaru ko sallama ba sa yi.

Bai ƙara dariya ba. Ya ce min ban san abin da muka yi ba. A wajen masu tuƙin Sahara ana yafe wa mutum faɗa, ana yafe masa rowa, amma kukan ƙarya daban ne, don da shi ake wasa da rayukan masu fita. Ya ce bayan wannan ba wanda zai sake ba shi sitiyari, ba wanda zai sake yarda da bakinsa. Ya dubi arewa ya ce, "Gara in wuce daga nan, Mushe. Ba sai na shiga gari ba. Ka aiko min da jakata."

Ni da ke cin abinci da magana, ranar ban sami ta kirki ba. Abin da na iya faɗa kawai shi ne mutanen nan har yanzu gabas suke tafiya saboda shi, kuma ba za su juyo ba sai sun ji muryarsa. Ya zo ya juyo da su, in ya so bayan nan ya tafi inda ya ga dama. Na ƙara da cewa shi ne ya ce sun manta da shi.

Ya ɗauki rawaninsa ya fara naɗawa. Ban taɓa ganin an daɗe ana naɗa rawani kamar ranar ba. Da ya gama, idanunsa kawai ake gani, ya hau bayan moto.

A tasha mutane suka buɗa mana hanya. Wani ya matsa ya ba shi wuri a kan benci, shi ke nan abin da aka yi masa. Muka zauna har aka yi azahar. Aka kira, ba ta shiga ba, aka sake, sai ga muryar Madugu tana karyewa cikin iska. Aka miƙa wa abokina wayar. Ya ce, "Baba, ni ne. Ina Agadas. Ban je ko'ina ba, wasa muka yi don bidiyo."

Ba a ji komai ba sai kukan iska, har na zaci layin ya yanke. Can sai tsohon ya ce, "Alhamdu lillahi. Ka sha ruwa?"

"Na sha, Baba."

"To ka jira ni."

Daga nan ya tafi gida. Abin da ya gudana tsakaninsa da mahaifiyarsa ban gani ba, kuma bai taɓa gaya min ba. Na dai san matan da suka zo zaman jaje sun ci abincin da aka dafa sun tafi suna hamdala, wasu suna dariya a bayan mayafi. Da maraice na leƙa, na ga jakarsa a ɗaure a zaure. Ya ce an ce ya jira, zai jira, in an gama da shi ya tafi.

Washegari da la'asar motocin suka shigo. Mutanen suka sauko da jajayen idanu, suka wanke fuska, aka shimfiɗa tabarma aka ɗora shayi. Ba wanda ya ce uffan kan maganar har aka sha kofin farko. Sannan Madugu ya ce a nuna masa abin gaba ɗayansa, ba guntun da ya gani ba. Na kunna masa a salulata, ya riƙe ta nesa da ido ya kalla daga farko har ƙarshe, har da Faransancina, fuskarsa ba ta motsa ba.

Da ya gama ya ce dama tun ganin farko bai yarda da yashin ba, ya yi masa kama da na ƙorama, akwai tsakuwa a ciki. Wani daga cikin waɗanda suka bi shi ya ce to me ya sa bai faɗa ba, suka sha wannan rana. Ya ce, "Ba a tantance kuka a Tenere. In ka tsaya tantancewa, gawa za ka je ka tantance." Ya juya ga abokina ya ce in gobe ya sake yin irin wannan kukan, za su sake fita, jibi ma haka, kuma shi ya sa abin yake da nauyi, don su ba su da zaɓi a ciki. Abokina kansa na ƙasa.

Na zaci an gama, ashe ba a taɓo inda ke yi wa tsohon ciwo ba. Ya ce rana da gajiya sun wuce, ya yafe. Abin da ya kasa haɗiyewa shi ne abin da ya gani a cikin bidiyon. Mutumin da kawunsa ya raina a cikin mota ya cire rawani a tsakar rana, ya bar motarsa ya kama tafiya da ƙafa, yana tonon rami yana zubar da ɗan gumin da ya rage masa. Ya tambaye shi wa ya koya masa wannan. Abokina bai nuna ni ba, Allah ya saka masa da alheri, ni ma na duƙufa ina nazarin saƙar tabarma. Madugu ya ce garin nan cike yake da baƙi masu shirin ƙetare Sahara, ba su taɓa ganinta ba, kowa da salula a hannu. Wani zai kalli wannan, ya ga ɗan Agadas ne ya yi, ya ɗauka haka ake yi.

Wurin ya yi nauyi. Sai wancan abokin faɗan nasa, wanda tun zuwansu bai yi magana ba, ya kurɓi shayi ya ce shi dai kar a yi masa mummunar fahimta, ba ceto ya je ba, zuwa ya yi ya tabbatar. Aka fashe da dariya, har abokina ya ɗago kai, na ga idonsa ya jiƙe.

Hukuncin da Madugu ya yanke shi ne a sake bidiyon. A yi shi da Hausa, a Tenere ta gaskiya, da mota ta gaskiya, a nuna abin da ake yi in ta mutu, ba ƙari ba ado. Ya ce motarsa na nan, amma shi wannan fitar ta nuna masa idonsa ya gama aikinsa, da yamma sai da ya ba wani sitiyari. Ya ciro makullin ya ajiye a kan tabarma kusa da kofin abokina, ya ce in an dawo daga bidiyon ma motar tana bukatar mai tuƙa ta. Ya ƙara da cewa a tafi da mushe, tunda shi ma yana son ganin wahala.

Na tafi kuwa, na gan ta. Bidiyon da muka yo ina jin babu wanda ya kai shi rashin armashi a tarihin wannan sana'a. Yana farawa ne a tasha, mutum yana gaya wa abokan aikinsa hanyar da zai bi da ranar da za a sa ran isarsa. Sannan mota ta tsaya a sarari. Mutumin ya ɗaura zane a jikinta ya yi inuwa, ya kwanta, ya rufe baki da hanci, ba ya motsi, ba ya surutu, yana kurɓar ruwa kaɗan kaɗan. Abu mafi tayar da hankali a ciki shi ne inda ya cire ƙafar mota ta ajiya ya cinna mata wuta don hayaƙi ya tashi a hango shi, kuma da birike ya cinna. Sauran duk kwanciya ce. Na ba da shawarar ya ɗan yi haki ko sau ɗaya ne, ya ce min haki ruwa yake ci.

Anasara ba su kalla ba, ban kuma ga laifinsu ba. Amma bidiyon ya shiga salular masu tuƙi, suna nuna wa fasinja kafin a tashi. Wani ya ɗora masa murya da Zabarmanci, wani da Tamashek. Na Faransancin ni na yi, ba kuskure ko ɗaya, kuma har yau ba wanda ya yaba. Jakar da ke zaure kuwa ban san ranar da aka kwance ta ba. Na dai je wata rana na ga babu ita, mahaifiyarsa ta aiko min da fura mai yawan da ya fi ƙarfin mutum ɗaya, ba ta haɗa da wani saƙo ba.

Har yanzu ina kallon waɗancan bidiyoyin, ba don raini ba, wasunsu sun iya abin da suke yi, kuma na koyi ɗaure igiya iri biyu da ban taɓa bukata ba. Abin da na lura da shi dai shi ne dukkansu shiri suke yi don ranar da ba wanda zai zo. Ban san ƙasashensu ba, wataƙila can haka abin yake, in haka ne kuwa sun fi mu ƙishirwa. Mu a nan mun yi iya ƙoƙarinmu mu ƙirƙiro wa mutum ɗaya irin wannan rana, da toka da Faransanci da komai, garin ya ƙi ba mu haɗin kai.

Abokina yana Agadas. Ran Juma'ar da ta wuce na bi ta tasha na gan shi yana ɗaure bidon a gefen mota, gemunsa ya fara fari. Wata fasinja ƴar kudu, da ganinta karon farko ke nan da za ta shiga Sahara, ta tsaya kusa da shi tana murza bakin mayafi, ta tambaye shi in motar ta lalace a can me ake yi. Bai ko ɗago kai daga igiyar ba ya ce mata, "Zama ake yi, baiwar Allah. Za a zo."